Yanda zaka gyara hannun ƙofa da makulli da kanka ba sai an fasa ƙyaure ba

Jama'a barkanmu da warhaka. Akwai abun da na lura dashi a gidajenmu na nan Katsina, tun daga cikin gari irin su Rafindaɗi da Ƙofar Soro har zuwa Layout da Sabuwar Unguwa inda aka zuba kuɗi wajen gini, da wuya ka zagaya ɗakunan gida baka samu ƙofa ɗaya da hannunta ke lilo ba, ko ya sunkuya ƙasa ya ƙi tashi, ko an cire shi baki ɗaya an zura tsumma a ramin ana ja. Kuma mutanen gida sun saba, baƙo ne kawai ake ma bayani, "ɗan ɗaga shi sama ka tura da kafaɗa". Abun shina damuna wallahi, don ƙofar da ake lallaɓawa a haka ita ce watarana zata rufe yaro a banɗaki ko tsohuwa a ɗaki, a zo ana neman guduma da taɓarya, ƙarshe a fasa ƙyauren da ya fi makullin tsada nesa ba kusa ba, alhali yawancin gyaran nan sukundireba ce da ɗan haƙuri.

Abun da nike so ka fara riƙewa, abun da muke kira makullin ƙofa kaya ne daban-daban aka haɗa, kuma kusan kowane ana saida shi shi kaɗai. Akwai hannuwan nan biyu na ciki da na waje da farantinsu. Akwai sandar tsakiya, wani ƙarfe mai kusurwa huɗu da ya ratsa ƙyauren ya haɗa hannuwan biyu, kaurin shi milimita 8 ne a yawancin makullan da ake kawo mamu. Akwai uwar makullin da aka binne cikin katakon, wadda masu shago ke ce ma bodi, a jikinta harshen nan mai gefe a karkace shike, da sakatar da mabuɗi ke turowa. Sai silinda inda ake zura mabuɗi, sai ɗan ƙarfen jikin firem mai rami inda harshen ke faɗawa. In ƙofa ta fara rigima, kusan kullum ɗaya ne cikin waɗannan ya gaji, sauran lafiyarsu lau. Aikinka ka gano wanne ne kafin ka kashe ko sisi.

Kayan aiki ba yawa: sukundireba mai bakin sita da mai faɗin baki, filaya, tef ɗin awo, ƙananan alanki (ƙarfen nan mai lanƙwasa kamar L na ɗaure ƙananan noti), fensir, in akwai zarton ƙarfe da magagari to madalla. Ka samu kofi kana zuba sukurun da ka kwance don ƙananan nan in sun faɗi ƙasa sai dai a yi haƙuri. Ka buɗe ƙofar ka tokare ta da takalmi ko dutse, ka gaya ma yara kar wanda ya taɓa ta. Wannan ba wasa nike ba, in ka cire hannuwa iska ta turo ƙofa ta rufe, kai da kanka ka kulle kanka. Shi yasa sandar tsakiyar da filaya su zauna a aljihunka har a gama.

Mu fara da hannu mai lilo tunda shi ya fi yawa. Wani lokacin sukurun farantin ne kawai suka saki, ka ɗaure shikenan. Wasu hannuwan kuma, musamman masu ɗan zagayen faranti, akwai wani mitsitsin noti ɓoye a ƙarƙashin wuyan hannun, shi ke danne sandar tsakiya, leƙa ƙasa zaka ga ramin, alanki ke ɗaure shi. Amma in kana murza sukuru shina ta juyawa baya kamawa, to katakon ne ya cinye, ramin ya yi mashi yawa. Maganin kafintoci mai sauƙi ne: ka samu tsinken ashana ko tsinken sakace, ka shafa masu gam ɗin katako irin Top Bond, ka cusa cikin ramin har ya cika, ka karye abun da ya fito, ka bari ya bushe, in da hali ya kwana, sannan ka maida sukurun. Zai kama tsaf. Kar kace bari in sa doguwar sukuru ko in buga ƙusa, don bayan farantin nan uwar makulli na nan kwance, doguwar sukuru zata je ta tokare ta ta hana harshe motsi, ƙusa kuma randa za'a sake kwancewa sai an ɓata fuskar ƙofar.

Ƙofofin filawud ɗin nan marasa nauyi da ake sa ma ɗakunan haya, cikinsu fanko ne, ɗan katako ne kawai aka sa daidai wajen makulli, in ya rube ko gara ta ci shi ba abun da sukuru zata kama. A irin wannan ka nemi notin nan mai mace da namiji wanda ke ratsa ƙofar daga wannan faranti zuwa wancan, su biyun su riƙe juna. Ni ko a ƙofa mai lafiya shi na fi so, in dai bodin nada ramin da zai wuce, don ƙofar da yara ke shige da fice ba abun da ke riƙe ta kamar shi.

Sai hannun da ya sunkuya, ka danna shi ya ƙi dawowa sai ka ɗaga da hannunka. Sifirin ne ya karye ko ya yi sanyi, amma sifirin waje biyu shike, akwai na bayan farantin hannu akwai na cikin bodi, to ga yanda zaka bambance. Kwance hannuwan biyu ka aje, ka bar sandar a ramin ta, ka kama ta da filaya ka murɗa sannan ka saki. In harshe ya shige kuma ya dawo da ƙarfi ya yi ƙas, bodi lafiya lau take, matsalar a hannu take. Juya farantin ka duba bayan shi, zaka ga wani ɗan zoben ƙarfe da ya riƙe wuyan hannun, a ƙarƙashin shi sifirin ke naɗe, sau da yawa zaka ganshi a karye biyu. In ka samu irin shi a wajen masu gyaran makulli ko jikin wani tsohon hannu sai ka ɓalle zoben a hankali ka canza, ka lura da gefen da tsohon ya kalla kafin ka cire, ka ɗauke shi hoto da waya ma ya fi. In baka samu ba hannuwa kawai zaka saya. Amma in ka murɗa da filaya harshen ya shige ya yi zaman shi, ko shina dawowa a kasalance, to bodin ce, ita zaka canza ka bar hannuwanka da silindarka.

Wanda ya fi haɗari shi ne hannun da ke juyawa amma harshe baya motsi, ko sai ka danna sau uku kafin ya ja. Wannan kar ka bari ya kwana. Ko dai sandar tsakiya gajera ce ta zame ta koma gefe ɗaya, shi yasa zaka ga hannun waje na buɗewa na ciki baya yi, ko kusurwoyinta sun side, ko ramin cikin hannun ya faɗaɗa, ko kuma abun da sandar ke juyawa cikin bodi ya tsage, don a masu araha da wani ƙarfe mai gautsi ake zuba shi. Zare sandar ka duba. Ya kamata ta shiga cikin kowane hannu kamar santimita 1 da rabi zuwa 2. In gajera ce sayo doguwa ka yanke da zarto daidai kaurin ƙofarka, ka goge bakin da magagari. In ta yi tsawo da yawa kuma faranti ba zai kwanta jikin ƙofa ba, kar ka matse shi da sukuru ta ƙarfi, rage sandar.

In kuwa abun ya riga ya faru, mutum na ciki ƙofa ta ƙi buɗuwa, dan Allah a aje taɓarya tukunna. A kwantar ma na ciki da hankali, musamman in yaro ne a samu mai mashi magana ta bakin ƙofa. Kai kuma ka kwance farantin gefen da kake, ka kama sandar da filaya ka murɗa, in sandar ta faɗa ciki ka zura sukundireba mai faɗin baki a ramin nan mai kusurwa huɗu ka juya. Mafi yawan lokaci nan take zata buɗe. In ramin na juyawa a banza to cikin bodi ne ya fashe, sai ka gwada zura siririyar wuƙa ko tsohon katin roba tsakanin ƙyaure da firem daidai harshen kana turawa ta gefen da ya karkace, wani na ɗan jijjiga ƙofar. Wannan dabarar harshe kawai take turawa, in an murza mabuɗi sakata ta fita to sai kafinta ko mai gyaran makulli, shi ma kace mashi silindar zai huda ko ya karya, ya bar maka ƙyaurenka.

Akwai kuma ƙofar da makullinta lafiya lau amma ta ƙi kamawa, ka rufe ta buɗe kanta, ko mabuɗi ya ƙi murzuwa sai ka ɗaga ƙofar da gwiwa. Gwajin shi ɗaya ne, buɗe ƙofar ka murza mabuɗi a buɗe. In ya tafi sumul a buɗe amma a rufe ya cije, makulli bashi da laifi, ƙofar ce ta sauka ko ta kumbura. Fara duba hinjin sama, shi ke ɗauke da nauyi, sukurun shi ne ke fara saki, ka ɗaure su ko ka yi masu dabarar ashana, a nan kam doguwar sukuru na da amfani. In bai isa ba, shafa alli ko jambakin uwargida a bakin harshen ka rufe ƙofar a hankali ka buɗe, zaka ga shaidar inda shike bugun ƙarfen firem, sai ka ci wajen da magagari kaɗan kaɗan kana gwadawa. In tazarar ta yi yawa a kwance ƙarfen a matsar dashi.

Sannan a kula da lokaci. Da damina, wajen Yuli da Agusta, katako na shan danshi ya kumbura ƙofa ta riƙa cijewa, sai maigida ya kira kafinta a fere ta sosai, hunturu na shigowa katakon ya bushe ya koma, sai ga tazara har harshe baya kaiwa rami, ƙura da sanyi na shigowa. In zaka fere da damina a ɗauki kaɗan, daidai inda ke gugar kawai, kuma a shafa fenti ko banish a inda aka fere da ƙasan ƙofar da saman ta, wajen da masu fenti suka saba tsallakewa, ta nan ruwa ke shiga.

Maganar mai kuwa, nan ne ake kashe silinda da yawa a garin nan. Mabuɗi ya fara tauri sai a ɗiga man gyaɗa ko baƙin man inji a ramin, ranar zai yi laushi kowa ya ji daɗi, amma ƙurar hunturunmu in ta haɗu da man nan sai ta zama taɓo ta danƙare ƙananan fil ɗin da ke ciki, man gyaɗa ma har danƙo shike idan ya daɗe. Abun da silinda ke so busasshe ne. Ka goga bakin fensir a haƙoran mabuɗin sosai har ya yi baƙi, ka zura ka zare ka murza, ka maimaita. In an riga an zuba mai a baya, fesa man feshin nan na gwangwani WD-40 ya wanko dattin, ka riƙa zura mabuɗi kana gogewa da tsumma har ya daina fitowa da baƙi, in ya bushe sai fensir. Giris kuma wajen shi cikin bodi da gefen harshe da hinji, shi ma ɗan kaɗan. In mabuɗi ya karye ciki kar a sa mashi sufa gulu wai a manno guntun, gam ɗin zai bi ya kashe silindar gaba ɗaya, a gwada jawo shi da ɗan hantsaki ko siririn bakin zarto.

Canza silinda shi ne aikin da ya fi kowane sauƙi kuma mutane basu sani ba, har ka ga an canza makulli sukutum saboda mabuɗi ɗaya ya ɓata. Duba kaurin ƙofar inda harshe da sakata ke fitowa, ƙasa da sakatar akwai kan wata doguwar sukuru guda ɗaya, ita kaɗai ke riƙe da silindar. Kwance ta, zura mabuɗi, ka ɗan murza shi kaɗan hagu ko dama kana jawowa, don akwai wani ɗan haƙori a tsakiyar silindar da sai ya daidaita da jikinta zata fito. Da ka dace zata zaro salin alin. Awon ta daga ramin sukurun nan na tsakiya ake yi zuwa kowane baki, a milimita, zaka ji ana cewa 30 da 30 wato mai 60, ko 35 da 35 mai 70, akwai kuma wadda gefe ɗaya ya fi tsawo. Kar ka sa wadda zata yi tsini a waje fiye da milimita 3, musamman ƙofar da ke kallon waje, don wannan tsinin shi ɓarawo ke kamawa ya karya. Duk wanda ya tare a gidan haya ko ya sayi gida, ko amarya aka kai, ina ba da shawara a canza silindar ƙofar shiga a ranar, baka san hannu nawa tsohon mabuɗin ya bi ba, ka aje tsohuwar in zaka tashi ka maida ma mai gida abun shi.

To in ya zama dole sai an sayi sabuwar bodi ko saiti gaba ɗaya, ga inda ake asara: mutum ya tafi kasuwa hannu rabbana ya zaɓo wanda ya yi mashi kyau a ido, a zo ramuka su ƙi haɗuwa, kafinta ya kama sassaƙar ƙofa yana faɗaɗa rami har wajen ya yi rauni. Kwance tsohon ka sa a leda ka tafi dashi, ko shagunan kayan gini na babbar kasuwa ko duk inda ka saba saye, ka aza shi kan sabon ka gani da idonka. Awo biyu ne masu muhimmanci. Na farko daga tsakiyar ramin sanda zuwa tsakiyar inda mabuɗi ke juyawa, akwai mai milimita 85, akwai 72, akwai ƙanana masu 58. Na biyu daga bakin ƙofa zuwa tsakiyar ramin sanda, irin su 45 ko 50 ko 55. Wani lokacin zaka ga an rubuta su a haɗe jikin kwali, kamar 8545, wato 85 da 45 kenan. Hannu mai dogon faranti dole awon shi na farko ya yi daidai da na bodi, in ba haka ba ramin mabuɗi ba zai hau kan silinda ba. Ƙofofin ƙarfe na China da na Turkiyya nasu daban ne, na China da yawa 6068 ne, kuma hannunsu akwai na dama akwai na hagu, in ba'a samu a gari ba masu shago na iya sa a kawo daga Ƙofar Ruwa a Kano, gara ka jira da a lalata ƙofa mai tsada.

Wajen zaɓe kar ƙyalli ya ruɗe ka, araha bata ado. Ɗauki hannun ka ji nauyin shi, ka juya bayan farantin, in ka ga siriri ne kamar gwangwani ko toka-toka mai alamar zubi, ruwan gwal ne kawai aka shafa a fuska, irin shi ke karyewa a wuya. Ka danna ka ji ƙarfin sifirin. In da maganaɗisu a kusa ka manna, wanda ya kama sosai baƙin ƙarfe ne aka rufe, zai yi tsatsa a banɗaki da kicin. Silinda ka nemi ta tagulla mai nauyi. Suna irin Union ko Yale ko Kale jikin kwali kaɗai bai isa ba don jabu sun yi yawa, ka tambayi mai shago kai tsaye, "Alhaji tsakani da Allah wanne ne mai kyan, wanne zaka sa a gidanka", yawancinsu in sun ga ka san abun da kake nema zasu shiga ciki su ɗauko maka na gaske.

Wajen ɗaurawa, kafin ka zura bodi duba harshen, gefen da ya karkace shi zai kalli inda ƙofar ke tafiya in za'a rufe. In ya juya baya ba sai ka maida kasuwa ba, kusan duka ana juya su, wani zaka jawo harshen waje ka murɗa shi, wani ka tura shi ciki bayan ka ɗaga wani ɗan maɓalli a gefe, wani kuma sukuru ne zaka kwance. Sai ka zura bodi ka ɗaure, ka sa silinda da doguwar sukurunta amma kar ka matse tukunna, ka zura sanda, ka aza hannuwa, ka kama duka sukurun sama-sama, ka gwada hannu da mabuɗi ƙofa na buɗe, in komi na tafiya sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka ƙarasa ɗaurewa. In ka matse ka ji hannu ya yi tauri, sassauta kaɗan, faranti ne ya karkace. Sai ka gwada a rufe kana daga ciki, wani na waje.

Hannun ƙofa mai dunƙulen kai ɗin nan da ake murɗawa, wanda baka ganin sukuru a jikin shi, duba wuyan na ciki akwai ɗan rami, danna da ƙusa ka jawo kan, ka ɓalle murfin zaka ga sukuru biyu. Shi in ya lalace ba'a wahalar gyara shi, sabo ake sawa, a duba dai awon shi daga bakin ƙofa zuwa tsakiyar ramin, ko milimita 60 ne ko 70.

Ƙofar ƙarfe ta masu walda kuma, irin ta zaure da ƙofar gida, roƙona ga masu gini kuce ma mai walda ya yi ma makullin gida da noti yanda za'a iya kwancewa, don da yawa sai su like jamlok (makullin da ake ɗaurawa a bayan ƙyaure) ko bodi da wuta, randa ya lalace sai an kawo janareta da abun yanka. In ma dole sai an yi walda kusa da makulli a cire silinda da bodi tukunna, zafi na kashe sifirin. A sa ɗan robar tokare a ƙasa ko a bango don hannu ya daina dukan siminti, kuma a hana yara lilo jikin hannu, a daina rataya jiƙaƙƙen tawul da jakar makaranta a kai, nauyin nan shi ke gajiyar da sifirin.

Ɗakin tsofaffi da banɗaki da ɗakin yara, ina roƙon ku a sa silinda mai ɗan maɓallin murɗawa ta ciki, mabuɗi ta waje kawai. Silinda mai mabuɗi gefe biyu in an bar mabuɗi a ciki, yawancinsu na waje baya shiga ya murza, to in Baba ya kulle ya kwanta jiki ya motsa cikin dare, ko wuta ta tashi ana laluben mabuɗi a duhu, kun ga halin da za'a shiga. Mai maɓallin awonta ɗaya da waccan, sukuru ɗaya ce zaka kwance ka musanya, sai a rataye mabuɗin waje a inda manyan gida suka sani kuma hannun yara baya kaiwa.